Sikelin Tashar Jirgi

A Ƙaura Namoda, in ka tambayi wane ne Audu Kan Jirgi, amsar da za ka samu ta danganta da shekarun wanda ka tambaya. Dattawan da ke zama a inuwar bakin tasha za su ce maka ɗan dambe ne da ba a sake yin irinsa ba, wai shekara goma sha ɗaya yana shiga fage ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Matasan da ke tuƙa keke napep cewa suke yi tsohon mahaucin nan ne mai baƙar magana, wanda in ka sayi nama wurinsa sai ya ɗora maka wulaƙanci a matsayin gyara. Mutanen Zurmi ba su musa cewa yana da hannu ba, sai dai in an ambaci sunansa sukan yi wani irin murmushi su kawar da kai. Matarsa Kulsumu kuwa, da ta fi kowa saninsa, ta taɓa gaya wa maƙwabciyarta cewa ƙarfin ya daɗe da barin hannun, ya hau baki ya zauna.

Sunan ya samo shi ne tun lokacin da jirgin ƙasa ke shigowa Ƙaura da kaya, don an ce in ya taho ba ya tsayawa sai abin da ke gabansa ya kwanta. Jirgin ya daina zuwa, damben Audu ma ya ƙare, amma sunan bai mutu ba, saboda mutum ɗaya: Jabiru, ɗan ƙanwarsa. Shi Audu ya koya masa tsayuwa, ya koya masa kare fuska da hagu, shi ya fara naɗa masa zare a hannun dama. A al'adar dambe yaro yana ɗaukar sunan ubangidan da ke ɗaura masa hannu, don haka duk fagen da Jabiru ya shiga, Autan Kan Jirgi ake kiransa, kuma taken Audu makaɗi ke kaɗa masa. Shekara talatin da barin dambe, Audu yana jin kalangu na kiran sunansa a Shinkafi da Moriki da Kasuwar Daji. Bai taɓa nuna abin ya dame shi ba. In ana kaɗawa sai ya yi kamar yana gyara hula.

Jabiru yanzu shekararsa ashirin da bakwai, yana da mata da ɗiya ɗaya, yana tuƙa keke da safe, da yamma yana motsa jiki. A damben zamani ana auna mutum kafin a haɗa shi da abokin karawa, shi kuma yana cikin matsakaita, waɗanda ba su kai manya nauyi ba, sun kuma wuce ƙanana. Wannan awon shi ne abin da Audu ya fi tsana a duniya, ko kuma abin da ya fi jin daɗin tsana.

Wata ranar kasuwa da hantsi Kamaluddeen ya zo rumfar Audu da wayarsa a kan sanda. Saurayi ne da ya gama karatu a Foliteknik bai samu aiki ba, ya koma ɗaukar hirar tsofaffin 'yan dambe yana sawa a intanet. Abin da ya fi kawo masa masu kallo shi ne haɗa waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba: da wane na da ya gamu da wane na yanzu, wa zai kashe wani? Kisa a dambe shi ne a kai mutum ƙasa, ko da gwiwa ce ta taɓa. Ya durƙusa ya gaida Audu, ya ce yau matsakaita yake so a tattauna, tunda an ce Baba ma a zamaninsa matsakaici ne.

Audu ya ajiye wuƙa ya goge hannu. Ya ce shi bai san wani abu wai shi matsakaici ba, gero ake aunawa da auduga, ba namiji ba. A zamaninsu in makaɗi ya kaɗa takenka, fitowa kake yi ka miƙa hannu ga duk wanda ya tsaya, ko da girmansa ya kai rumbu. Mutane suka fara taruwa, don kowa ya san in Audu ya fara ba ya tsayawa.

Kamaluddeen ya fara jero sunaye. Marigayi Ɗan Asta na Shinkafi da Mus'ab, wanda ke riƙe da kambun matsakaita a bana? Audu ya ce Ɗan Asta da hagu kaɗai zai gama da shi, yana cin rake da dama. To Nomau na Zurmi fa, tsohon abokin hamayyar Audu, da Mus'ab ɗin? Ya ce Nomau rago ne, shi da kansa ya kashe shi sau biyu, amma ragon wancan zamani in ya yi tari yaran yanzu sai su nemi likita. Ya ce 'yan damben yau kafin su fito sai an shafa musu mai, an ba su ruwan gora, an ɗauke su hoto, kamar masu zuwa ɗaurin aure. Aka yi dariya, shi kuma dariyar ta ƙara masa ƙaimi.

Daidai lokacin Jabiru ya tsaya da kekensa a bakin rumfar, ya sauke cinyar saniya da ya ɗauko wa kawunsa daga mayanka. Kamaluddeen ya gan shi, ya ga dama ta samu. Ya ce saura tambaya ɗaya: Kan Jirgi yana ɗan ashirin da bakwai, da Autan Kan Jirgi na yau.

Audu ya dubi Jabiru daga sama har ƙasa, irin kallon da yake yi wa akuyar da ba zai saya ba.

"Wanga?" ya ce. "Wanga da ake ɗorawa bisa sikeli kamar buhun wake? Ko zare ba ni ɗaurawa. Da tafi zan mare shi ya kwanta, in koma in ƙarasa fiɗa. Sunana yake ci, ba hannunsa ba. Cire Kan Jirgi daga jikinsa ka ga abin da ya rage, direban keke."

Kasuwa ta ɗauka da dariya.  Jabiru ya gyara naman a kan tebur yadda kawunsa ke so, ƙashi ta hagu, ya ce, "Kawu, na tafi," ya hau kekensa.

Cikin kwana uku hirar ta zaga ko'ina. Fasinja zai shiga keken Jabiru ya ce a kai shi tasha, buhun wake. A Moriki yara sun mayar da maganar waƙa. Audu ya ji duk wannan, ya ce ai wasa ne, kuma namijin da wasa ke karyawa ba shi da abin yi a fage.

Rana ta huɗu ya dawo gida bayan la'asar ya tarar da zare a kan tabarmarsa, a naɗe tsaf. Ya gane shi: nasa ne na da, wanda ya ba Jabiru ranar da ya fara fita. Kulsumu tana tankaɗe ba ta ɗago ba. Ta ce yaron ya zo, ya gaishe ta, ya ce a ba kawunsa, ya gode. Audu ya ce fushin yara ne, zai dawo ya ɗauka. Ta ce ai ba yaro ba ne, mai iyali ne, kuma ita a saninta wanda zai dawo ba ya naɗe abu haka da kyau.

Washegari Jatau makaɗi ya biyo ta rumfa. Shi ya yi wa Audu kiɗa tun farko, yanzu ya tsufa amma kalangun na nan a hammatarsa. Ya ce ranar Alhamis mai zuwa akwai babban wasa a Shinkafi, Jabiru da Mus'ab, a kan kambun matsakaita. Jabiru ya je Zurmi ya roƙi Nomau ya ɗaura masa hannu, ya kuma aiko wa shi Jatau cewa taken Nomau za a kaɗa. Jatau ya ce shi makaɗi ne, take kuma na mai shiga fage ne. In babu mai shiga da na Kan Jirgi, to ya kwanta ke nan, don ba a kaɗa wa tebur ɗin nama take.

Audu ya ce a kaɗa na Nomau ɗin mana, a ga ko akwai wanda zai gane shi. Amma ranar sau biyu yana yanka wa mutum ba inda ya nuna ba.

Talata da sassafe ya shiga mota zuwa Zurmi, don hanyar ba ta son yamma. Ya tarar da Nomau a ƙofar gida yana ɓare gyaɗa. Idonsa na hagu ya mutu, amma ya gane baƙon tun daga takunsa. Ya sa aka kawo fura, suka gaisa doguwar gaisuwa kamar babu komai. Sannan Audu ya ce ya zo ne ya ji tun yaushe aka fara satar yaran mutane a dambe.

Nomau ya ce shi bai saci kowa ba, a kasuwa ya tsinci yaron inda mai shi ya yar. Ya ce ya ga hirar, jikansa ya nuna masa, ya kuma ji an ce shi rago ne, wannan bai dame shi ba. Wurin da ya ba shi dariya shi ne maganar sikeli.

"Audu, ni kake gaya wa ba a auna namiji?" ya ce. "Sikelin gyaɗa na rumbun kaya a tashar Ƙaura, wa ke hawansa kowace Laraba? Wa ke jan baƙin 'yan dambe da sunan a je a ga jirgi, a yi ta wasa ana hawa ana dariya, shi kuwa yana kallon allura? Ni kaina ka hau da ni. Saba'in da uku na yi, kai saba'in da biyar. Washegari ka miƙo mini hannu."

Audu ya ce wannan wasan samari ne. Nomau ya ce to, wasa ne mai kyau, tunda shekara goma sha ɗaya wasan bai taɓa barinsa ya miƙa wa wanda ya fi shi da kilo ɗaya hannu ba. Ya tuna masa ranar da ƙaton nan na Gobir ya zo Ƙaura, Jatau ya kaɗa take har hannunsa ya gaji, aka ce Kan Jirgi zazzaɓi ya kwantar da shi. Duk Zurmi an san irin zazzaɓin, mai zuwa bayan an sauko daga sikeli. Ba su taɓa faɗa ba saboda an ci abinci a akushi ɗaya.

Ya ƙara da cewa bambancin kawai shi ne yaran yanzu a gaban jama'a ake auna su, ba su da zaɓi, wanda allura ta ba su shi za su tara, ko da ya fi su iyawa. Kuma da su biyu aka dawo da su samari aka sa su gaban Jabiru, mai gudu kowace asuba har gadar bayan gari, shi dai ya san turmi biyu na damben ba zai kai ba. Audu kuwa, wataƙila zazzaɓi.

Audu ya miƙe bai sha furar ba. Nomau ya ce masa har yanzu bai ɗaura komai ba, sai Alhamis. In yaron ya miƙo masa hannu zai ɗaura, don ba a mayar da hannun ɗan dambe. In ya miƙa wa wani, shi ɗan kallo ne.

A mota Audu ya yi ta shirya abin da zai ce da Nomau da ya tuna da wuri. Da ya isa gida ya tambayi Kulsumu, kamar ba da gangan ba, ko ta taɓa jin wata magana ta sikelin tasha. Ta ce wandonsa na Laraba kullum da ɓawon gyaɗa yake dawowa, ita ke wankewa. Ta ce in yana son zarensa ya sake ganin fage, kalma biyu ce, ya san su. Ya ce shi kawu ne, ba a taɓa jin kawu ya ba ɗa haƙuri ba. Ta ce to ya ajiye zaren, zai yi amfani wurin ɗaure buhu.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, aka buɗe fage bayan la'asar don a tashi kafin magariba. An kewaye fili da buhunan yashi, an kafa lasifika, ga sikeli fari ɗan ƙarami a gefe. Audu ya iso da zaren a aljihun babbar riga. Ya ga an ɗora Mus'ab an faɗi nauyinsa, an ɗora Jabiru an faɗi nasa. Saba'in da biyar. Ya yi kamar bai ji ba.

Ya samu Jabiru zaune a kan benci, Nomau na gefensa yana warware sabon zare. Audu ya ciro nasa ya jefa a cinyar Jabiru, ya ce a daina shirme haka, ya kawo hannu lokaci na tafiya, maganar kasuwa ai ta wuce. Jabiru ya sauko daga bencin ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi Inna Kulsumu. Ya ɗan jira, idonsa a ƙasa. Nomau ma ya dakata da warwara. Audu ya san abin da ake jira, amma ga mutane a kewaye, ga Kamaluddeen da sandar wayarsa. Sai ya ce, to, me ake jira kuma?

Jabiru ya ɗauki zaren da hannu biyu ya mayar masa. Ya koma ya zauna ya miƙa wa Nomau hannun dama.

Jatau ya kaɗa taken Nomau. Audu ya yi zaton ba wanda zai gane shi, sai ga 'yan Zurmi sun miƙe gaba ɗaya. Mai lasifika ya kira Autan Nomau har sau uku. Audu ya kai hannu zai gyara hula, ya tuna taken ba nasa ba ne, ya sauke.

Turmin farko Mus'ab ya matsa, dogo ne mai saurin hannu, ya sami Jabiru sau biyu a haƙarƙari har aka ji ƙarar daga bayan fage. Turmi na biyu ya fasa masa gira. Audu ya tsinci kansa yana auna su da ido kamar yadda ya saba, ya kuma san abin da idon ya gaya masa: da shi ne, ba zai miƙa wa wannan Mus'ab hannu ba, ko da allura ta ce nauyinsu ɗaya. Zai nemi wani manomi da girbi ya gajiyar. Jabiru kuwa jini na zuba a idonsa ya koma tsakiya ya tsaya.

A turmi na uku Jabiru ya sassauta hagunsa, ya bar fuska a buɗe kamar wanda ya gaji. Mus'ab ya ruɗu ya kawo duka da dukan ƙarfinsa. Jabiru ya zame rabin taku, ya sauke dama a ƙarƙashin kunne. Mus'ab ya durƙushe da gwiwa biyu. Wannan dabarar Audu ne ya koya masa a bayan mayanka, da ita ya kashe Nomau sau biyu, kuma Nomau da ido ɗaya ya gane ta, ya juyo ya dubi inda Audu yake. Fage kuwa ya ɗauka da Autan Nomau, Autan Nomau, kalangun Jatau na bi.

Da aka ɗan lafa, Kamaluddeen ya ratso taro ya kafa wa Audu waya a fuska, mai lasifika ma ya matso da abin magana don kowa ya ji. Ya ce Baba ya ga wasa. Har yanzu da tafi zai mare shi? Mutane suka fara dariya tun kafin ya amsa, suna jiran baƙar magana.

Audu ya karɓi abin maganar. Ya ce a zamaninsa shi ne ya fara hawa sikeli a ƙasar nan, a ɓoye, a rumbun kayan tasha, kuma bai taɓa miƙa hannu ga wanda ya fi shi ba. Wanda ke shakka ya tambayi Nomau. Ya ce da an haɗa shi da wannan yaro suna tsara, ba kashe shi za a yi ba, don ba zai fito ba. Dariyar ta mutu. Dattawan Ƙaura da suka zo kallo suka sunkuyar da kai.

Audu ya taka zuwa bencin da Jabiru ke zaune ana goge masa gira, zaren Nomau na hannunsa ba a kwance ba. Audu ya san take ya riga ya tafi, ba a sauya ubangida sau biyu. Ya tsaya a gabansa, abin maganar a hannunsa.

"Jabiru," ya ce, "suna ka riƙe na Nomau, ya fi ni cancanta. Abin da na faɗa a kasuwa ƙarya ne, kuma na sani lokacin da nake faɗa. Na ci mutuncinka gaban jama'a don a yi mini dariya. Ka yi haƙuri. Ka yafe mini."